Mijin Nellie a Cikin Taro

"Ba shi ba ne, makauniya!" in ji Nellie Tattersall, ta ture yatsan maƙwabciyarta daga kan gilashin zanen. "Alf ɗina ba shi da tumbi."

"Ni ce makauniyar? Ke da ko agogon bango ba kya gani?" Ivy Ormerod ta gyara mata matashi, ta matso da zanen kusa da hasken taga.

Zanen ƙofar masaƙa ne, ma'aikata na fitowa, hayaƙi ya rufe sama. Wani mai zane da ya taɓa haya a ɗakin saman Nellie ne ya yi shi da fentin ruwa, ya bar mata, ya ce mijinta na cikin taron. Yanzu mai zanen ya yi suna, ya mutu, mutanen Landan na ta sintiri suna neman irin waɗannan takardun, don kaɗan ya zana. Babu ɗayansu da ya taɓa tambayar lafiyar tsohuwar. Masaƙar an rushe ta. Alf ya daɗe a kabari, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Likita ya ce wa Ivy da wuya Nellie ta kai Lahadi.

"A da na san wurin da yake a zanen," in ji Nellie. "Kullum sai na gaishe shi. Yau na tashi, ya ɓace min. Ivy, in ban gane shi a nan ba, yaya zan gane shi a can?"

Ivy ba ta ƙarya. Duk layin sun san haka, shi ya sa ba a cika gayyatar ta shan shayi ba. Ta ciro takardar daga gilashi, ta bi mutanen ɗaya-ɗaya. Ba su da fuska. Baƙaƙen riguna, manyan takalma, kowa ya sunkuya. Wannan zai iya zama Alf. Wancan ma. Ta tarar ita kanta ta kasa tuna kamannin mutumin, sai tarinsa.

"Faɗa min abin da kike gani," in ji Nellie.

"Mata uku da gyale. Kare. Wani ya jingina da bango. Ga kuma wani sakarai, kowa na fita, shi ya juya zai koma ciki."

Nellie ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ya manta kwanon abincinsa! Shashasha. Kullum haka. Ɗora min yatsa a kansa."

Ivy ta buɗe baki za ta ce ita fa ba ta ce shi ne ba. Ta rufe. Ta kama hannun Nellie, wanda zufar zazzaɓi ta jiƙa, ta ɗora.

Nellie ta cika bayan la'asar, yara na dawowa daga makaranta. Ivy ta rufe mata ido, ta buɗe taga kamar yadda ake yi in an yi mutuwa, ta leƙa ta ce wa matar gidan da ke kallon nasu ta sauke labule. Sannan ta zare takardar daga ƙarƙashin hannun, ta nemi mutumin da ya juya.

Ta duba sama, ta duba ƙasa. Kowa fita yake yi. A bakin ƙofar masaƙar, tsakanin karen da matan, sai tabo mai ruwan toka, daidai faɗin yatsa, bai gama bushewa ba.