Likkafanin Jajja Perepetwa

Jajja Perepetwa, wato Kaka Perepetwa, ta ƙyasta ashana ta kanga ta a gefen mayafin. Bai kama da wuta ba. Narkewa ya yi, ya dunƙule ya yi baƙi, warin roba ya cika ɗakin.

"Kin gani ko?" ta ce da maƙwabciyarta Nabatanzi, tana tari. "Da wannan za a naɗe ni? Ni in zama ƙasa, shi yana nan yana ƙyalli kamar ledar burodi?"

Nabatanzi ta rasa inda za ta sa fuskarta, don ita ce ta sayo shi da wayarta. Tun da likita ya sallamo Jajja ya ce a kai ta gida ta huta, tsohuwar ta gane karatun. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta nema, lubugo, mayafin ɓawon itace da ake bugawa da guduma har ya yi laushi, irin wanda aka naɗe uwarta da kakarta da shi. Nabatanzi ba ta iya barin rumfar gawayinta ta shiga yawon nema, sai ta duba a intanet. Kafin yamma ɗan boda, wato ɗan acaɓa, ya kawo ƙunshin har unguwarsu ta Nateete.

"Karanto min abin da suka rubuta," in ji Jajja.

"Lubugo na gaske daga yankin Buddu, bugun hannu, babu gauraye." Muryar Nabatanzi ta yi ƙasa. "Jajja, ki bar su da Allah, ki huta. Zan sa a nemo wani."

"A nemo wani, na yarda. Wannan rubutun fa? Gobe wata tsohuwar da idonta ya dushe ta saya, a binne ta a leda ba ta sani ba? Danna min abin nan da ake magana a ciki."

Suka aika wa masu tallar saƙon murya. Amsa ta zo nan da nan, mai laushi kamar an shafa mata man shanu: suna ba da haƙuri, za su mayar da kuɗin.

"Kuɗi na ce musu? Kasuwa ake ci a kabari?"

Washegari Jajja ta sa aka ɗaura mata kallabinta na zuwa coci, aka jingina ta da matashi. Nabatanzi ta ɗauke ta bidiyo tana ƙona gefen mayafin. Suka liƙa shi a ƙarƙashin tallar. Matan coci suka yi ta tura wa juna, har mai sayar da gurasar capati a bakin hanya ya gani.

Mai kayan ya zo da kansa da hantsi, wani matashi mai suna Kiggundu, riga a goge, waya a hannu.

"Ina tsohuwar da ke kashe min kasuwa?" ya ce tun daga tsakar gida.

"Ga ta nan kwance, shigo ka ƙarasa ta," in ji Jajja daga ɗaki.

Da ya shiga ya gan ta, ƙasusuwa kawai a cikin bargo, sai ya sauke murya ya gaishe ta yadda ake gaida manya.

"Jajja, ni ma sarowa nake yi. Haka aka ce min."

"Wanda ya ce maka, shi ya rubuta a wayar ko kai?"

"Ni ne."

"To, ɗan nan, ga ashana. Gwada hajarka."

Ya ƙyasta yana ɗan murmushin wanda ya san gaskiyarsa. Gefen ya narke, ɗigon baƙar roba ya faɗo kusa da takalminsa. Ya tsaya yana kallon ɗigon. Sai kawai ya zauna a ƙasa, bai damu da wandonsa ba.

"Da irin wannan na naɗe babana bara," ya ce.

Nabatanzi ta ɗauka Jajja za ta ƙarasa wanke shi, don bakinta ba ya barin kowa. Amma tsohuwar ta miƙa hannu ta dafa kansa.

"Babanka ya san wawa ya haifa, ba mugu ba. Share idonka, ka goge ƙaryar nan a gabana."

Ya goge. Ya rubuta sabo yana karantawa a fili: "Yadin roba mai launin lubugo, na ado. Ba na naɗe mamaci ba ne."

"Ƙara da cewa ba ya ruɓewa."

"Jajja, wa zai saya kuma?"

"Masu neman labule."

Dariya ta kubce masa cikin hawaye, ya ƙara. Da zai fita ya ce zai je Buddu da ƙafarsa, wurin masu bugawa, ya kawo mata na gaske.

"Ka ɗaga ƙafa," ta ce. "Ni yanzu ba mai jira ba ce."

Ba ta kuwa jira ba. Washegari da safe Nabatanzi ta shigo da kunu ta same ta a kwance, fuska na kallon taga, kallabin cocin yana nan a kanta.

Kafin azahar gida ya cika. An wanke ta, motar da za ta kai ta ƙauyensu tana ƙofar gida, direba yana ta duba sama don hadari ya haɗo. Wayar Kiggundu ba ta shiga. Shugabar matan coci ta fito da farin zanen gado.

"Nabatanzi, mu yi da wannan. Ɗan kasuwa ne, ya samu an bar shi ya gudu."

Nabatanzi mace ce da ko canjinta aka riƙe ba ta iya tambaya. Amma ta je ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta dafa katakon da hannu biyu.

"Ku yi haƙuri, iyayena. Ba za a naɗe ta ba sai lubugo ya zo."

"In bai zo ba fa?"

"Sai in hau boda in je Buddu da kaina, ku jira ni."

Aka yi gunaguni, direba ya danna hon, ita dai ba ta gusa ba. Rana ta karkata sosai lokacin da wani boda ya tsaya a bayan motar. Kiggundu ya sauko, jar ƙasar hanya ta rine shi har gira, da naɗaɗɗen abu a kafaɗa. Ya durƙusa ya miƙa wa Nabatanzi.

Matan suka warware shi a kan tabarma. Ja ne mai duhu, yana ƙanshin hayaƙi da ɗanyen itace, gefensa ba daidai ba. Shugabar ta murza shi a tsakanin yatsu, ta ninke zanen gadonta ta ajiye gefe.

Suka naɗe Jajja a hankali, daga ƙafa zuwa sama. Daidai ƙirjinta akwai ɗan faci da mai bugun ya ɗinke da zare, inda reshe ya taɓa fitowa a jikin bishiyar. Nabatanzi ta sa tafin hannu ta shafe shi har ya kwanta, sannan ta ce da mazan su shigo su ɗauka.