Lambar Sajan Mijinyawa

…kuma bai ma san abin da ke cikin shagonsa ba! Bature, gashi fari fat, shekara arba'in yana sayar da lambobin yaƙi a bayan Aldwych, nan London, ya rubuta a jikin kati wai wannan lambar ta sojojin Rasha ce. Ni na gyara masa. Ni, Zailani ɗan Mijinyawa, mutumin Mubi. Na ce duba ƙyallen, baƙi da fari. Juya ta, ga kan sarkin Jamus da hular ƙarfe. Wannan baƙaƙen sojojinsu suke maƙala wa, a Kamaru da gabashin Afirka. Ya ɗauko littafinsa, ya buɗe, ya rufe… kunnuwansa suka yi ja.

Baba, da ka ga fuskarsa.

Ga ta nan a aljihun kwat ɗina, ina taɓa ta. Bas na gangarawa gabas, ina sama, kujerar gaba. Juma'a ce, sai na kai masallacin Whitechapel kafin a tayar. Ba ta da nauyi. Kamar sule biyu a haɗe. Shekara goma sha ɗaya ina neman irinta…

Lambobi talatin da bakwai gare ni yanzu a flat. A'a, da takwas, da wannan. Gicciyen ƙarfe na yaƙin farko, na yaƙin Faransa da ya riga shi, tauraron jar mikiya, ta Bavaria mai shuɗin fenti da na ƙwace a gwanjo daga hannun wani kanar mai ritaya. Ya ɗaga hannu, na ɗaga. Ya ɗaga, na ɗaga. Ya waiwayo ya ga babbar riga, ya sauke. Siminti ne, Baba. Jiragen ruwa sun yi layi a Ikko, kowa gini yake, ɗanka ne ke kawo musu. Yau masu gwanjo wasiƙa suke aiko mini kafin su buga kasida.

Matata Shafa'atu ba ta so. Alhaji, gicciye a ɗakin da ake salla? Na kwashe su na mayar ƙaramin ɗaki. Karimatu kuwa, 'yar autarmu da aka haifa a nan, ta je ta faɗa wa malamarsu babanta na tara kayan Jamus, sai da aka kira ni makaranta. Na je. Na zauna na karanta musu tarihi: babu ta mai gashin bakin nan da ya ja yaƙin duniya na biyu ko ɗaya a gidana, nawa duk sun girme shi. Kuma ubana… na miƙe tsaye da na zo nan… ubana sajan ne na sojan Jamus a Dutsen Mora, a Kamaru. Wata goma sha takwas Ingilishi da Faransa na kewaye da su, babu gishiri, babu magani, sun cinye dawakai, ba su sauko ba. Wa ya taɓa faɗa musu wannan a makarantarsu?

Kwandasta na son kuɗin mota. Ungo.

Tafiyarka nake gani. Ko kasuwa za ka, ƙafa kamar ana buga maka ganga. Ƙirga awaki da Jamusanci. Tabon nan na kafaɗa da kake bari mu sa yatsa a ciki. Da salla ka ciro lambarka, irin wannan, daga cikin gafaka, ka goge da toka, ka mayar. Ba ka taɓa sawa a ƙirji ba. Kunya ce irin ta manya, haka na ɗauka.

Sai Baturen shagon ya tambaye ni, yana naɗe ta a takarda. Me mahaifinka ya yi aka ba shi?

Me ya yi? Jarumta mana! Haka na ce masa. Ya gyaɗa kai, ya ce ai ba kowa suke ba wa ba, sai wanda ya yi wani abu takamaimai. Takamaimai…

Ga babban cocin nan mai ƙubba, mun wuce rabi.

Na san ranar da aka ba kowane kyaftin tasa. Takardunsu na cikin durowata, sunan gari, sunan kogi, mutum nawa ya kama. Taka fa? Ka ba mu labarin yunwa sau ɗari. Labarin doki. Labarin ƙishirwa. Na lambar… ban tuna ba. Kafin hawa dutsen ne, Inna ta taɓa cewa. Tun lokacin da ake bin ƙauyukan kan tudu ana karɓar haraji.

Rijiyar bayan gidanmu. Abin da nake faɗa wa kowa: tsoron Ingilishi ya sa babana ya jefa lambar rijiya. Na faɗa wa malamar Karimatu, na faɗa wa masu gwanjo, yau ma na faɗa. Amma ai ina tsaye a wurin. Hutun makaranta, ina da shekara ashirin da biyu, kwananka tara da dawowa daga Makka. Wane tsoro? Di'o da kansa ya taɓa zuwa zaure ya roƙi ya gani, har hoto ya ɗauka, kuka yi dariya tare.

Da hantsi ne. Ba ka ɓoye ba. Ka sake ta, ka tsaya har ƙarar ruwan ta iso, ka ce a kawo maka buta.

Da buhun dawan nan… duk kaka sai ka ɗora wa jaki, a kai wani ƙauye can kan tudu, ba danginmu ba, ba ma yarenmu ɗaya ba. Duk kaka su dawo da shi ba a kwance bakinsa ba. Shekara nawa? Me ka yi musu, Baba? Ban taɓa tambaya ba. Me ya sa ban taɓa…

A'a. Sajan ne. Wata goma sha takwas. Wannan ba ƙarya ba ne, yana cikin littattafansu.

Whitechapel. Mutane na sauka, ga huluna, ga Lawal likita yana ɗago mini hannu daga bakin titi. Zai ce in nuna masa, na yi masa waya tun da safe, na cika baki. Hannuna na cikin aljihu, takardar ta jiƙe da gumi.

Baba, shekara ashirin da shida ke nan da ka raba gidanka da ita… ni kuma na biyo ta har London.

Kwandasta ya buga ƙararrawa. Ban tashi ba tukuna.