Shirun Gidan Hajiya Shekara

Fadila ce mai gyaran rezo, wato layin intanet, a Matamaye. In intanet ya ɗauke a wani ofis ita ake kira, ta zo da jakarta cike da wayoyi, ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta fito da yanar gizo a ɗankwali, abu ya dawo. Takardar shaida ce kawai ba ta da ita. Wani kamfani a Damagaram ya ce zai ɗauke ta aiki, amma sai ta ci wata jarrabawar rezo ta ƙasashen waje, wadda aka ce in mutum uku suka shiga, biyu da kuka suke fitowa.

Wata bakwai tana karatu. Tana tuƙa tuwo tana lissafin adireshin ordinatoci, wato kwamfutoci, a baki, har ran nan ta zuba sukari a miyar kuka. Da ta ga ta shirya, ta zaɓi ta rubuta jarrabawar a gida, ta kamera, maimakon doguwar tafiya zuwa Yamai.

Ana jibi jarrabawa ta zaunar da mahaifiyarta, Hajiya Shekara, ta karanta mata dokokin.

"Inna, wani mutum ne zai riƙa kallona ta cikin ordinatar, awa biyu. Ba a son kowa a ɗakin, ba a son kaya a bango. In ya ji muryar mutum, ko da tari ne, ya soke jarrabawar. Kuma sai na nuna masa kunnuwana."

"Kunnuwanki? Ɗan gidan wa ne? In aure yake so ya turo manyansa."

"Dubawa zai yi ko na saƙala abin satar amsa."

"To. Tari ma ya soke?"

"Ya soke, Inna."

Hajiya ta ɗaure zane, ta ɗauki abin tamkar yaƙi. Ta shiga gidan maƙwabciyarta Hajara ta ce jibi ba daka daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Ta je wajen Illa mai injin niƙa ta ce ya kashe injinsa a lokacin. Ba ta gaya wa kowa dalili ba, don kada baki ya kama 'yarta. Zakaran gidan kuwa, da aka rasa yadda za a yi masa bayani, a daren ya shiga miya.

Ranar jarrabawa da safe aka kwashe ɗakin Fadila kaf. Gado, akwati, katifa, takalma, duk aka jibge su a tsakar gida. Fadila ta shiga da tebur ɗaya da kujera ɗaya, ta rufe ƙofa. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, ta ɗauki tasbaha, ta rantse a ranta ko gobara ce ba za ta buɗe baki ba.

A ciki, mai sa idon ya sa Fadila ta zagaya da kamera ɗaki, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta nuna kunnuwa. Aka fara. Tambaya ta tara ta zo da wani zanen rezo mai kama da saƙar igiya. Fadila ta shiga salati a hankali. Nan take saƙo ya faɗo: ki daina motsa leɓe. Ta mayar da salatin cikin ciki.

A waje kuwa shirun ya ishi Hajara. Ba daka, ba inji, ba zakara. Ta yafa mayafi ta leƙo. Ta ga kayan Fadila a waje, ta ga ƙofa rufe, ta ga Hajiya a tabarma tana jan tasbaha. Daidai lokacin wani tari ya taso wa Hajiya, ta danne shi da ƙarfin tsiya har hawaye suka zubo.

"Hajiya, lafiya? Ina Fadi..."

Hajiya ta zaro ido, ta ɗora yatsa a baki. Ta nuna ɗakin. Sannan ta ɗaga hannu biyu sama, wai a taya ta addu'a.

Hajara ta dafe ƙirji. Ta buɗe baki za ta kurma ihu, Hajiya ta yi tsalle ta toshe mata shi da tafin hannu. Hajara ta ce a ranta, kai, wannan baiwar Allah da tawakkali take, ko kuka ba ta so a yi. Ta lallaɓa ta fita a kan yatsun ƙafa.

Kafin rabin awa mata sun fara shigowa. Duk wadda ta yi sallama sai Hajiya ta harare ta, ta nuna ɗaki, ta nuna sama. Sai ta samu wuri ta zauna tana sharar hawaye. Hajiya ta duba ta ga mata sun fi talatin, kowa shiru, ta ji daɗi har ranta. Ashe haka unguwa ke son 'yarta ta ci jarrabawa! Ta riƙa gyaɗa musu kai tana godiya.

A ƙofar gida maza suka baza tabarmi. Illa ya tafi kiran Malam Ɗanladi, limamin unguwa. Wata tsohuwa, Iya Maryama, ta fi kowa zubar da hawaye. Tana raɗa wa ta kusa da ita: "Yarinya mai ladabi. Ba ta taɓa wuce ni ba ta durƙusa ba."

Fadila ba ta san komai ba. Ta amsa tambaya ta ƙarshe saura minti huɗu, ta danna maɓallin miƙa amsoshi. Allon ya yi fari, ya yi ta juyi, sannan sakamako ya fito. Ta ci.

Ta banko ƙofa da farin hijabinta, fuska duk gumi, ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa.

"Na haye! Wallahi na haye!"

Tsakar gida ta watse. Hajara ta tsallake katifa ta faɗa kan akwati. Mata biyar suka cushe a zaure lokaci ɗaya, suka haɗu da Malam Ɗanladi yana shigowa, suka mayar da shi waje da baya. Iya Maryama, wadda ta shekara uku tana dogara sanda, ta isa bakin titi ba sandar.

Sai a lokacin Hajiya ta saki tarinta. Ta yi shi ya fi sau goma, sannan ta ce, "Ina kuma za ku? Ku tsaya a yi murna mana!"

An daɗe kafin a fahimci juna. Hajara na cewa ai ke kika nuna sama, Hajiya na cewa to da ƙasa zan nuna in ina roƙon Allah? Malam Ɗanladi ya gyara rawaninsa ya ce tunda dai jama'a ta taru, ba a tashi haka ba. Ya tambayi sunan jarrabawar, Fadila ta faɗa sau uku, ya ce a bar shi, Allah Ya san ta. Aka shafa fatiha.

Iya Maryama ta dawo ɗaukar sandarta. Fadila ta miƙa mata tana dariya.

"Sannu, Iya."

Tsohuwar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta karɓi sandar.

"Dubi yadda take gaishe ni a tsaye," ta ce wa Hajara. "Dama yarinyar nan ba ta da ladabi."