Giwa a But ɗin Tasi

Hindou ba ta da kowa a Greensboro ta Amurka sai mijinta Tassiou, shi kuwa tasi yake ja, ganinsa sai an yi sa'a. Da ba don Anti Sarla ba, tsohuwa 'yar Indiya da ƙofarsu ke kallon juna, da tuni kaɗaici ya kora ta gida Damagaram. Ita ta koya mata hawa bas zuwa Elm Street, ita ke riƙe mata jariri in za ta shiga wanka. Turancin kowaccensu ragagge ne, hannu ke ƙarasa zancen.

Ƙamshin turaren wutar Hindou ne ya sa tsohuwar ta kawo mata kyauta: kaskon turare na tagulla, an zagaye bakinsa da furen bado, kyakkyawa ba ƙarya. Sai dai a tsakiyarsa ga wani mai jikin mutum da kan giwa, ya harɗe ƙafa abinsa. Hindou ta yi godiya har da durƙusawa, tana rufe ƙofa ta tsaya tana kallonsa. Gunki a ɗakin da take sallah? In kuma ta mayar, ta rasa ƙawarta tilo. Gaba kura, baya siyaki.

Tassiou, sarkin shawarar banza, cewa ya yi a ɗaura wa giwar kallabi. Harara ɗaya ta ishe shi. Kasko dai ya koma but ɗin tasi, ya yi ta zaga gari daga Sedgefield har Pleasant Garden.

Amma Anti Sarla duk shigowa sai ta waiwaya tana neman kyautarta, kunya kuwa kamar ta kashe Hindou. Da abin ya ishe ta, ta ɗauko kaskon daga but, ta naɗo shi a zanenta mafi kyau, ta ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar. Ta faɗi gaskiya: addininta bai yarda ba, amma mai kyautar tana cikin ranta.

Tsohuwar ta ja hannunta zuwa kicin ta buɗe firiza. Ga dambun naman da Hindou ke aiko mata tun Babbar Sallah, kwano kan kwano, ko yatsa ba a sa ba.

"Ba na cin nama, 'yata," in ji ta. "Tsoro nake in faɗa miki ki daina shigowa."

Dariya suka yi har da riƙe ciki, har jaririn ya farka yana taya su da kuka. Hindou ta share hawaye ta rungumi kwanoninta, ranta fes.

"Anti, ko korata kika yi, gobe ina nan."