Hannun Ba Zarami

Shekara shida na yi ina ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi a wani asibiti a Gashuwa, zamanin muna cikin jihar Barno. Mutanen gari suna ce mini Likita. Ban taɓa gyara musu ba.

A makaranta an koya mana cewa hasken na'urar hoto ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, amma in ya yawaita cin jiki yake kamar gara a cikin azara. Don haka aka ba ni rigar dalma guda ɗaya, da katanga mai ɗan taga da zan laɓe a bayanta, da wani ɗan bajo mai fim a ciki wanda ke auna hasken da ya taɓa ni. Duk ƙarshen wata sai in hau a-kori-kura zuwa Nguru, in sa bajon a ambulan ya bi jirgin ƙasa zuwa Kudu, in karɓo sakamakon wancan watan a gidan waya. Kullum amsa ɗaya ce: babu komai. Na buɗe wa takardun fayil na musamman, har baƙi nake nuna wa.

Ƙarfen da ke riƙe faifan fim a bayan majinyaci ya karye tun daminar 1981. Na rubuta takardar neman gyara sau biyu. Kafin amsa ta zo, sai na ce Ba Zarami ya ɗan riƙe mana. Ba Zarami, wato Baba Zarami, leburan ɗakin ne, tsohon masunci, ya ba ni shekara ashirin, hannunsa ba ya rawa. Shi ke riƙe faifai, shi ke danne jariri mai wutsil-wutsil, shi ke tallafe tsohuwar da ba ta iya tsayuwa. Ni kuwa in shige bayan katanga, in ce, "Ja numfashi, riƙe!" in danna maɓalli. Rigar dalma rana ɗaya ya sa ta, ya ce da ita a zafin Gashuwa gara a goya masa jaki. Ban matsa masa ba. Ni mutum ne mai girmama manya.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka hoton kansa magani ne. Sai mutum ya taso tun daga Karasuwa ya ce a haska shi ko tari ya sake shi. Ba Zarami ya fi kowa yarda.

"Malam Kalli, yaushe rabon da ka ji na yi mura?" yakan ce. "Wutar nan taku ce. Wasu sai sun bi layi su samu sau ɗaya, ni kullum ina sha."

Sai in yi dariya in ce, "Allah ya ƙara, Ba Zarami."

A 1987 aka turo mana Likita Nguveren, 'yar bautar ƙasa daga Binuwai, wadda ta tashi a barikin soja, Hausarta babu kwana-kwana. Kwananta uku ta rako majinyaci da kanta, ta tsaya ta ga yadda muke aiki.

"Oga Kalli, wa ke sa bajon?"

"Ni, Likita."

"Wa ke tsayawa gaban na'ura?"

Na fara bayanin takardun da na rubuta. Ba ta saurare ni ba. Ta ce, "Baba, mu ga hannunka."

Fatar yatsunsa ta bushe ta tsattsage, farce uku sun kakkarye, gashin bayan hannun duk ya zube. Ya ce tsohon tabon igiyar komar kamun kifi ne. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan tun bara waccan da na lura.

Ta je wajen shugaban asibitin ta ce a dakatar da wannan tsari a ranar. Ya ce a kawo shaida. Aka ɗauko fayil ɗina, shekara shida na babu komai, aka ce ɗakin lafiya ƙalau yake. Sai ta dawo ta cire bajon daga aljihuna, ta maƙala shi a hannun rigar Ba Zarami, ta kuma tsare shi sai da ya goya jakin nasa, wato rigar dalma. Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare.

Ni na kai bajon Nguru, ni kuma na karɓo amsarsa a wata na gaba. A tashar jirgi na buɗe ambulan, kusa da kwandunan bandar kifi da ke jiran lodi. An ja layi biyu da jan biro: a cire mai wannan bajo daga ɗakin hoto nan take, a auna jininsa. A saman takardar sunana ne, domin bajona ne.

Na zauna a kan buhun gero, na duba farcena ɗai-ɗai, na shafa wuyana, na tuna 'ya'yana huɗu. Na fi minti biyar a haka kafin in tuna cewa ba ni ba ne, Ba Zarami ne. Har na ce alhamdu lillahi, a fili, mai kifi ya amsa mini.

Washegari aka kira Ibram mai walda. Tsakanin azahar da la'asar ya gyara ƙarfen riƙe faifan. Likita Nguveren ta rubuta takardar tura Ba Zarami Kano, ta miƙo mini.

"Ni na rubuta," in ji ta. "Kai za ka faɗa masa."

Na same shi a gindin darbejiya bayan ɗakin, ya idar da salla. Na tsugunna, abin da ban taɓa yi masa ba. Na yi ta kewaye, daga baya dai na faɗa.

Ya ce, "Wato ba magani ba ce."

"Ba magani ba ce, Ba Zarami."

"Katangar nan da kake shiga bayanta, na ɗauka don maɓallin yana can ne."

"Saboda katangar aka kai maɓallin can."

"To. Yarinyar nan ce ta zo muku da sabon ilimi?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa, saura in ce e. Na dubi takalmina.

"Tun a makaranta na sani."

Ya juya hannayensa, ciki da bai, kamar mai taya kaya a kasuwa. Sannan ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa.

"Jirgin Kano yaushe ne?"

"Laraba. Zan raka ka."

"A'a, Malam Kalli. Ƙanena Abbo zai raka ni. Kai ka zauna, akwai masu jiran hoto."

Na saurara sosai ko zan ji gatse a muryarsa. Da na ji, da na samu sauƙi.