Katifar Rabi'u Mai Feshi

Duk Yalwan Damai babu manomin da bai san Rabi'u mai feshi ba. In ya goya tankinsa, tsutsar wake ta shiga uku. Sai ga shi kuɗin cizo ya yi kaka-gida a ɗakinsa, abin da ko da wasa ba ya so a ji.

Ya taɓa gwada maganin feshin gona a ɗakin. Shi da matarsa Batulu ne suka gudu tsakar gida suna tari, ƙwarin kuwa suka lafe a tsagar gado, wari na lafawa suka fito har da 'ya'yansu.

Da Batulu ta haihu, mahaifiyarta Dada ta zo daga Kwandiko don wankan jego. Tana ganin jajayen cizo a jere a cinyar jariri ta ɗaga gefen katifa, ga baƙin ɗigo-ɗigo cike da bakin ɗinki.

"Malam Rabi'u," ta ce daga bayan labule, "ko gadon nan ya sha rana da tafasasshen ruwa yau, ko gobe in tafi da 'yata da jikana."

"Dada, ai ina da magani mai ƙarfi..."

"Jikan nawa wake ne?"

Tsakar gida cike take da dammunan gero, rana sai a ƙofar gida, daidai inda abokansa suke zaman hira. Ya so ya mutu don kunya, amma ya fi tsoron ɗaki babu kukan ɗansa.

Haka ya fito, katifa a ka. Ya kwance gadon, ya ɗebo ruwa daga tukunyar wankan jego yana kwarara wa kowace tsaga. Ƙwarin suka yi ta zubowa a gaban jama'a.

"Ikon Allah!" in ji maƙwabcinsa Iliyasu. "Ashe ka fara kiwo ba mu sani ba."

"Ina fa, mutumina," Rabi'u ya ce yana share gumi. "Ni suke kiwo."

Da la'asar Dada ta bi ɗinkin katifar da yatsa, ta ce Batulu da jariri sun zauna. Sai dai ƙwai ba ya ƙarewa a rana ɗaya, don haka mako mai zuwa a sake fitar da gadon. Rabi'u ya ce to, har da godiya.