Inda Simintin Bai Kama Ba

Da Magini ya san abin da bakinsa zai jawo, da ya haɗiye maganar nan tare da lomarsa.

Shi ya gina katangun biyu da suka tare kogin, ta unguwarsu da ta tsallake. Shekara uku ba a ga ruwan kirki ba, har yara suka mai da cikin kogin filin ƙwallo. Bana kuwa sama ta ɓalle kwana tara, saura taki ɗaya ruwa ya haura. Kowa ya san abin da ba a faɗa: in katanga ɗaya ta fashe, ɗayar ta tsira.

Jiya suna cin abinci ya ce wa uwar 'ya'yansa, "Ta tsallake ce ke cin raina. Daidai gindin tsamiya, ruwa ya doki simintin tun bai kama ba." Can 'yarsu Auta take aure, da jaririnta ɗan wata biyu. Babban ɗansa, Dogo, bai ko ɗago kai daga kwano ba.

Da safe ya leƙa bayan ƙofa, babu babbar gudumarsa.

"Ina Dogo?" ya tambayi matarsa.

"Ya ce za su ƙara buhunan yashi."

"Da guduma ake ɗura yashi?"

Ya fita ba takalmi. Kafin ya sauka daga gada ya fara jin ihu. Samarin unguwarsu sun kai ashirin, mutanen tsallake sun tare su da shebur da adduna. Ana jifa, ana zagin iyaye. Wani ya durƙusa a taɓo riƙe da kunnensa, jini na bin gwiwar hannunsa. Dogo na gindin tsamiya, yana dukan katangar.

"Kai Dogo! Ajiye ta!"

"Koma gida, Baba. Ko su, ko mu."

"Su wa? Ƙanwarka ce su?"

"Na aika mata ta fita."

"Wa ka aika?"

Dogo ya sake ɗaga gudumar. Mijin Auta, tela ne da ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya kutso ya riƙe ƙotar. "Yaya, don girman Allah!" Sai wani ya sauke wa telan shebur a ƙeya, ya faɗi rub da ciki.

Magini ya manna bayansa a tsagar da ta buɗe a katangar, ya ware hannuwa. Sanyi ya ratsa rigarsa. Ya ji katangar tana nishi a ƙashin bayansa. Shekara talatin yana gini, ya san wannan kukan.

"Ku gudu!" ya ce. Masu faɗa ba su da kunne.

Da katangar ta fashe, reshen tsamiyar ne ya cece shi.

Da yamma ruwa ya ja baya kamu guda a unguwarsu, ko tabarmar kowa ba ta jiƙe ba. Maƙwabta na ta godiya ga Allah, amma in sun hango shi sai su rage murya. An tsamo tela da rai. An tsamo Dogo a ƙarƙashin gada, an rufe shi da zanen uwarsa.

Magini ya zaga makarantar da aka tara mutanen tsallake, aji bayan aji, yana leƙa fuskar kowace mai goyo. Bai sani ba ko gudumar ce ta fasa katangar ko aikinsa ne. Bai san wa Dogo ya aika ba, bai kuma san ko saƙon ya isa ba.